Ɗan Tauri da Wuƙar Jamus

Alhaji Nura, wanda muka tashi layi ɗaya da shi a cikin birnin Kano, ya zauna gaban 'yan sandan Dubai ya ce ni na soki ƙaninsa da wuƙa. Ya faɗi haka ne alhali bidiyon yadda abin ya faru yana cikin wayarsa, wayar kuma tana cikin aljihunsa. Da wannan zan fara, domin ku samarin da kuke tare ni a shagon shayi a Deira kuna cewa, "Baba Sule, koya mana harkar wuƙaƙen nan," ku san abin da kuke roƙo. Kun ga hotuna a waya, kun ga masu kuɗi suna rububin tsofaffin wuƙaƙen sojan Jamus, kun ɗauka goge-goge ne kawai a cikin sanyin esi. To ku saurara.

Ni baduku ne ɗan baduku. Boko ban gama firamare ba. Babana kube yake ɗinka wa mahauta da mafarauta, ni kuma a gefensa na koyi riƙe basilla. Da dukanci ya daina ciyar da gida na zo Dubai aikin kago, ina ɗaure kwali a Murshid Bazaar, ina jan kaya ana kai wa Jebel Ali a zuba a kwantena.

Wata rana wani tsohon Kwara, Balarabe mai shagon tsofaffin kaya, wanda kowa ke kira Baba Jamil, ya kawo akwati a ɗaure masa. A ciki akwai wata doguwar wuƙa mai kuben shuɗiyar fata, fatar ta ɗago a wajen gaɓa. Na ce masa idan aka ɗaure ta haka, kafin ta isa inda za ta, fatar ta gama yagewa. Ya ce ina ruwana. Na ce a gidan fata aka haife ni. Ya zauna a kan kwali yana kallona, na jiƙa bakin fatar kaɗan, na mayar da ita na kwantar, ban ƙara komai ba, ban rage komai ba. Bayan mako ya dawo ya ce in zo shagonsa, zai zama kafilina, wato mai tsaya mini, zai yi mini biza.

Ranar da na fara aiki na tafi da dutsen wasa a aljihu, don in burge shi. A wurinmu mutunta wuƙa shi ne a wasa ta. Da ya ga na fito da dutsen, sai ya karɓe shi ya jefa a kwandon shara.

"Habibi, a nan ba a wasa wuƙa. Wanda ya wasa ta ya kashe ta."

Ya ɗauko ɗaya ya ja bakinta a kan tafin hannunsa, ya nuna mini. Ko alama babu. Ya ce ba don yanka aka ƙera su ba, don rataya aka yi su. Hafsoshin Jamus na zamanin yaƙin duniya na biyu ne suke rataya su a ƙugu ranar fareti da ranar biki. Bakinsu dakusasshe ne kamar gefen cokali. Amma ya ɗaga tsinin ya ce wannan kam ba ya wasa da kowa, ko kakin soja zai huda. Ku riƙe wannan maganar, ita ce rabin sana'ar.

Watanni na yi ban taɓa ƙarfe ba. Kallo kawai, da share gilashi. Da ya yarda in taɓa, sai da farar safar hannu ta auduga, saboda gumin yatsa gishiri ne, idan ya kwana a kan ƙarfe zai bar hoton yatsan har abada. Kayan aikin ba su da yawa. Wani kaki na musamman, irin kakin zuma, da ake shafawa siriri a goge, ba mai ba, don mai yana jawo ƙura cikin kube. Buroshi mai laushi. Tsinken sakace na ciro datti daga fikafikan mikiyar da ke bakin ƙota. Gilashi mai ƙara girma. 'Yan ƙullin nan masu shan danshi da kuke gani a kwalin sabon takalmi. Sai basillata da zarena, waɗanda nakan yi wata biyu ban ɗauko ba. Mafi yawan aikin shi ne ka san abin da ba za ka yi ba. Ba a kankare baƙi-baƙin tsufa. Ba a kwance ƙota don a leƙa ciki. Ba a yawan zarewa da mayarwa, kowace zara tana barin layi.

Akwai wata ta sojan ruwa, mai kuben tagulla da ɗan maɓalli da ake dannawa kafin ta fito, da wani Bature ya kawo mana cikin tsakiyar zafi. Ya ɗauko ta daga gida mai esi, ya tsaya da ita a rana yana neman shagon, akwati a buɗe. Da na zare ta, ƙarfen yana tsiyayar ruwa kamar kwalbar lemo. Garin nan haka yake, iskarsa ruwan teku ce. Na tsane ta, na bar kuben baki ƙasa ya sha iska, amma cikin kube ba hannu ke shiga ba. Kwana da kwanaki ina zuwa da safe ina duba ko jan ɗigo ya fito. Ɗigo ɗaya na tsatsa a kan zanen ƙarfen nan ya isa a ce kai ka lalata, kuma albashinka na shekara ba zai biya ba. Allah ya rufa asiri bai fito ba. Daga ranar, duk akwatin da ya shigo ba na buɗe shi sai ya huta, jikinsa ya yi daidai da ɗakin.

Na koyi bambanta su. Ta sojan ƙasa ƙotarta ruwan ɗorawa ce ko fara, da igiyar azurfa mai tuntu. Ta sojan sama ita ce mai shuɗiyar fata da sarƙa. Na koyi gane jabu, don jabu sun fi na gaske yawa. Akwai masu ƙera sabuwa su binne ta a yashi mai gishiri, su jiƙa igiyar da ruwan shayi. Ni da hanci nake fara kama su. Tsohuwar fata tana warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba, sabuwa kuwa duk dabarar da aka yi mata tana warin majema.

Kusan kowacce tana ɗauke da alamar nan mai ƙugiya huɗu ta gwamnatin da ta ja yaƙin. Na tambayi Baba Jamil ma'anarta. Ya ce mutanen da suka rataya wannan alama sun hallaka jama'a ba adadi, har da mata da yara, kuma da sun ga irina da irinsa ba za su ɗauke mu mutane ba. Shi ya sa ba ya baje su a gaban shago. Suna ɗakin baya, a kan koren ƙyalle, cikin gilashi mai makulli. Masu saye kala-kala ne. Akwai likita Ba'indiye da zai zauna da gilashinsa yana karanta sunan garin da aka ƙera, ya tafi abinsa. Akwai masu saye don su sayar. Akwai kuma wani da na ga ya shafa alamar da babban yatsa yana murmushi, na matsa kusa da ƙofa. Irin waɗannan ba sa son a ɗauki fuskarsu, don haka gaban shago akwai kyamara, ɗakin baya babu. A lokacin ban ga aibin haka ba.

Yanzu ga shekarar da ta karya ni.

Alhaji Nura takalma da jakunkuna yake saye yana turawa Kano, har ya kama fulat a Deira. Mukan ci abinci tare, yana kirana Baduku, ina kiransa Alhaji. A shekarar ya kawo ƙaninsa Ado don ya riƙa tsaya masa wajen lodi. Ado ɗan tauri ne tun yana saurayi, irin waɗanda idan an buga musu ganga suke gurza wuƙa a ciki da wuya ba ta kama su. Mutum ne mai fara'a, amma duk hirar da aka ɗauko sai ya kai ta kan ƙarfe.

Mako guda kafin abin ya faru, Ado ya same ni a ɗakina ya kwance wani guru daga ƙugunsa, wannan ɗamarar fata da ake ɗinke magani a ciki. Gumi ya cinye fatar. Ya ce, "Yaya Sule, taimake ni da sabuwar riga." Na ce masa a ƙasar nan laya da guru sihiri ake ɗaukarsu, ana ɗaure mutum a kansu a kore shi. Ya yi dariya ya ce a cikin ƙugun wando ya shigo da shi, ba wanda ya gani. Na ɗinka masa. A gida aikinmu ne, babana ya yi dubunsa, ba ma buɗewa, ba ma tambaya. Ɗinki na yi masa mai kyau, irin na gidanmu, wanda duk Bakano a Deira zai gane hannuna ne.

Ranar, bayan la'asar, Baba Jamil ya tafi ganin likita. Ina ɗakin baya ina shafa wa wata ta sojan ƙasa kaki, tana kwance tsirara a kan koren ƙyalle, sai ga Alhaji Nura da Ado. Alhaji ya ce, "Baduku, nuna wa yaron nan wuƙaƙen Turawanka, ya dame ni." Da wani ne da ban bar shi ya wuce gaban shago ba. Amma ɗan layinmu ne. Ta yaya zan tsayar da shi a ƙofa kamar baƙo?

Kafin in rufe gilashi Ado ya ɗauke wuƙar.

Na ce, "Ajiye, ba a taɓawa da hannu."

Ya ce, "Ƙarfe ne fa, Yaya Sule. Ni da ƙarfe ai 'yan gida ɗaya ne."

Ya ɗage riga. Alhaji ya fito da waya ya fara ɗauka yana dariya. Ado ya fara kirari ƙasa-ƙasa, ya gurza bakin wuƙar a cikinsa, ya gurza a wuya, ya fito da harshe ya ja ta a kai. Babu jini, sai jan layi.

Alhaji ya ce, "Yalla, Ado. Har ƙarfen Jamus ya san ka. Bari in tura wa mutanenka su gani."

Ni hankalina yana kan gumin da yake shafa wa ƙarfen. Na ce, "Alhaji, wannan ba ta da kaifi. Ko jariri ka ba, ba za ta yanke shi ba. Ba ni kayan mutane."

Gaskiya na faɗa, amma a gaban ɗan tauri na faɗe ta, kuma waya tana ɗauka. Fuskar Ado ta canja.

"Wato wasan yara nake yi ke nan."

"Ban ce haka ba. Bakin ne babu kaifi. Tsinin kuwa ka bar shi."

"To bari ka ga tsinin."

Alhaji ya danna ya tura bidiyon farko, ya sake ɗaga wayar. Na miƙa hannu, tebur yana tsakaninmu. Ado ya kafa tsinin a ƙasan haƙarƙarinsa na dama, ya riƙe ƙotar da hannu biyu, ya ja numfashi, ya danna. Ba ta yi wata ƙara ba. Ta shiga kamar yadda basilla ke shiga jiƙaƙƙiyar fata. Ya tsaya yana kallonta kamar wani ne ya kawo masa labari. Sannan ya zauna a ƙasa.

Na zagayo na riƙe ƙotar don kada ta motsa, don na san idan aka zare jini zai ɓalle. Ɗaya hannun na danna koren ƙyallen a gefen raunin. Na ce Alhaji ya kira motar asibiti. Ya durƙusa, na ɗauka ƙaninsa zai riƙe. Sai na ga ya sa hannu a ƙugun Ado ya kwance gurun, ya cusa a jakarsa. Bayan nan ya kira.

Haka masu motar asibiti da 'yan sanda suka same ni, hannuna a kan ƙota, farar safata ta koma ja har wuyan hannu. Alhaji yana jin Larabci da Turanci fiye da ni. Na ga ya ja babbansu gefe yana magana yana kuka. Na ga ɗan sandan ya juyo ya dube ni, ya dubi safar. Ni kuwa ban ma san abin da aka ce ba tukuna.

Abin da ya ce shi ne, gardama ta haɗa ni da Ado a kan taɓa kaya, na fusata na soke shi. Ni ban ga laifin 'yan sandan ba. Me suka gani? Kyamarar gaba ta nuna mutum biyu sun shiga wurina lafiya, ɗaya ya fito a kan gadon ɗaukar marasa lafiya. Sun tambaye ni dalilin sa safa. Na ce aikina ne. Suka ce ko don kada yatsuna su fito a jikin wuƙa? Na ce ai yatsun Ado suna kan ƙotar. Suka ce wanda ake soka ma yakan kama wuƙa. Duk abin da Baba Jamil ya koya mini don kare ƙarfe, shi ya juyo ya zama shaida a kaina.

Tafintan da aka kawo mini wani Bahaushen Sudan ne, dattijo. Na ce masa ya gaya musu Ado ɗan tauri ne, maganinsa yake gwadawa, akwai guru a ƙugunsa. Dattijon ya dube ni, ya ce da Hausa a hankali, "Ɗan'uwa, ka tabbata in faɗi wannan?" Na ce ya faɗa. Da ya faɗa, jami'in ya ajiye alƙalami ya gyara zama. Ya ce ina abin yake? A asibiti ba a ga komai a ƙugunsa ba. Wa ya haɗa shi? Ni na taɓa ganinsa? Na taɓa riƙe shi? Na tuna ɗinkina. Na ce ji kawai na yi ana faɗa. Jami'in ya rubuta wani abu, ni kuma na san na zama mai magana biyu.

Da Ado ya farfaɗo na ce shi ke nan, zai faɗi gaskiya. Sai ya ce shammatarsa na yi. Ku da ba ku san 'yan tauri ba ba za ku gane ba. Idan ya ce da hannunsa ya soka kuma ta shiga, ya gama yawo a Kano, yaran da ya koya wa za su yi masa dariya. Idan kuwa shammata ce, maganinsa yana nan da mutuncinsa. A kan wannan ya bar ni a ciki.

Akwai waya a inda aka tsare mu. Na kira Alhaji. Ya ɗauka.

Na ce, "Alhaji, ni ne. Ka ji tsoron Allah. Bidiyon yana wurinka."

Ya ce, "Wane bidiyo? Baduku, ka yi haƙuri, ka bi a hankali, lauya zai nema maka sassauci. Ka ce kuskure ne."

"Kuskuren wa?"

Sai ya ce, "Na ji ka fara maganar guru. Ka bar ta. Abin yana wurina, kuma ɗinkin ya yi kyau, kowa ya san na wane ne. Idan aka buɗe wannan babin, ni bizata za ta tafi, kaya na kan ruwa, kai kuma laifi biyu za ka ɗauka. Khalas, magana ta ƙare, kada ka sake kira."

Ban sake ɗaga maganar guru ba.

Ba zan ba ku labarin ɗakin da aka ajiye mu ba, ba shi kuka tambaya ba. Abu ɗaya zan faɗa. Bayan wasu makonni raunin Ado ya yi ruwa daga ciki, aka mayar da shi ɗakin masu tsananin ciwo. Lauyan da Baba Jamil ya ɗaukar mini ya zo ya ce in shirya zuciyata, idan ya mutu tuhumar za ta koma kisan kai. Wani ɗan Pakistan da muke tare ya yi mini bayanin abin da hakan ke nufi, da hannu ya nuna, ba da baki ba. Daga ranar duk sallar da na yi Ado nake fara yi wa addu'a kafin 'ya'yana. Mutumin da ya yi mini ƙarya, ni nake roƙon Allah ya ja kwanansa, goshina a ƙasa, ina kiran sunansa da na uwarsa. Duk lokacin da aka buɗe ƙofa aka kira suna, sai in ɗauka labarin mutuwarsa aka kawo. Abinci ya daina zama. Haƙorana biyu a can na baro su.

Ado bai mutu ba. Ni kuma abin da ya fitar da ni ba wayona ba ne. Bidiyon farko da Alhaji ya tura wa abokan Ado a Kano, su ba su san me ya biyo baya ba, sai suka ɗora masa kiɗan tauri suna yaɗawa, wai nasu ya gagari ƙarfen Jamus. Ya yi ta yawo daga waya zuwa waya har ya dawo Deira, ya faɗo hannun Isuhu, wani ɗan Maraɗi mai ofishin kago da muka yi aikin kwali tare. Isuhu ya gane koren ƙyallen, ya gane muryata ina cewa a ajiye. A ƙarshen bidiyon ana jin Ado yana cewa bari ka ga tsinin, wuƙa a hannunsa, Alhaji yana dariya. Isuhu ya kai wa Baba Jamil, Baba Jamil ya kai wa lauya. Aka karɓi wayar Alhaji. Na biyun yana ciki, bai ma goge ba.

Ranar da na fito Isuhu ne ya zo ɗaukata. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Bon, mon frère, ɗan'uwana, ka rame. Mu je ka ci tuwo." A mota na kasa rufe ƙofa, shi ya zagayo ya rufe mini.

Gurun ya fito a bidiyo, don haka aka tambayi Ado. Ya ce haka ya zo da shi daga gida, ba wanda ya taɓa masa. Wannan alherin kaɗai ya yi mini, kuma ban manta masa shi ba. Da ya warke aka mayar da shi Najeriya. Alhaji kuwa ya ɗauki manyan lauyoyi, ya ce ruɗewa ya yi da ganin jinin ɗan'uwansa. Ya ɗan kwana a ciki, aka ci shi tara, ya fito ya ci gaba da lodin takalma. Baba Jamil ya rufe ɗakin baya, ya tura wuƙaƙen wurin ɗansa a ƙasar waje, ya ce shekarunsa sun wuce irin wannan. Bai kore ni ba, amma babu sauran aikin da zan yi masa. Na koma ɗaure kwali da furfurata.

Har yanzu akwai mutum biyu da nake zuwa gidajensu in duba musu abin da suka tara. Sharaɗina ɗaya ne, ba na zare wuƙa sai ɗakin babu kowa, ko kuma akwai kyamara a kaina. Idan na ji taku a bayana, mayar da ita nake yi kube in ɗaga hannuwana inda za a gan su. Mai gidan ɗaya yana yi mini dariya a kan haka. Ya yi ta yi. Ku kuma da kuke son koya, kaki da buroshi zan iya koya muku cikin wata guda. Abin da ban san yadda ake koyarwa ba shi ne yadda za ka dubi ɗan unguwarku, wanda ya san sunan mahaifiyarka, ka ce masa ya tsaya a waje.

Bara, bayan sallar Juma'a, ina neman takalmina a ƙofar masallaci, sai ga Alhaji Nura tare da wani dattijo da 'yan Kano ke girmamawa a nan. Tun da na fito ban yi wa Alhaji magana ba, idan na hango shi a layin Murshid nakan canja hanya, kuma ba don fushi kaɗai ba, har da tsoro. Ranar babu hanyar canjawa, jama'a sun cika ƙofa.

Dattijon ya riƙe hannuna ya ce, "Malam Sule, ɗan'uwanka zai tafi Umara. Ya ce ba ya so ya tsaya a gaban Ɗaki da haƙƙinka a wuyansa. Ka dubi Allah."

Alhaji ya sunkuyar da kai. Ya yi ƙiba. Ya ce, "Baduku, wallahi tsoro na ji. Ba ƙiyayya ba ce. Na ga jini, na ga guru, na tuna kaya da iyali, kaina ya ɗauke. Ka yafe mini."

Na sa takalmina tukuna. Sannan na miƙe.

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, ba kai na raina ba." Na juya wurin Alhaji. "Alhaji, na yarda tsoro ka ji. Na san tsoro, na fi ka saninsa yanzu. Na ranar farko zan iya ɗauke maka, ni ma da ni ne ban san abin da zan yi ba. Amma ka koma fulat ɗinka ka yi wanka, ka ci abinci, gari ya waye, wayar tana hannunka. Haka gobe, haka jibi, har watanni. Na kira ka da bakina, ka ce mini ɗinkina ya yi kyau. Wannan ba ruɗewa ba ce, zama ka yi ka auna ni da kwantenar takalma, ka ga ta fi ni nauyi."

Ya buɗe baki. Na ce ban gama ba.

"Ka je Umararka, Allah ya kai ka lafiya, ba zan roƙa maka sharri ba. Amma idan ka tsaya a gaban Ɗakin, can ba a kai lauya. Ka faɗi abin da ya faru yadda ya faru, tun daga kan gurun. In ka zo ƙarshe, ka ƙara da cewa ka tambayi Sule a ƙofar masallaci, a gaban shaida, ya ce bai yafe ba."